In aka mayar da kayan ƙarfen sabis manhaja, me na ƙauye zai samu?

Nura: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Taimako nake nema. Batun da aka ba ni na kammala digiri a Wudil shi ne tsarin hidimomi, wanda ake kira SBA, da yadda za a bi ta kansa a mayar da sashen rediyo na sadarwar salula manhaja. Duk takardun da na samu misalansu na Japan ne da Jamus da Amurka. Mu kuwa a garinmu sai mutum ya hau tudun bayan firamare kafin saƙonsa ya fita. Don Allah masu wannan aiki su faɗa mini gaskiya: abin nan yana da amfani ga irin garuruwanmu, ko karatun cin jarrabawa ne kawai?

Musa Mai POS: Wa'alaikumus salam ƙanena. Ni dai ban san SBA ba. Abin da na sani, ranar Alhamis a kasuwar Maigatari daga hantsi har la'asar na'urata juyawa kawai take yi. Mutum ya sayar da sa, mai saye ya ce ya tura kuɗi, alat bai shigo ba, su biyun su tsaya a kaina. In wannan karatun naka zai magance wannan, ina bayanka.

Injiniya Sale: Nura, Allah ya ba da sa'a. Batunka mai kyau ne, amma fara daga abin da kowa yake gani da idonsa.

Ƙarfen sabis kashi uku ne. Can sama akwai eriya, dogayen fararen allunan nan. Kusa da su akwai akwatin rediyo, shi ke ƙara wa sigina ƙarfi ya tura shi iska, ya kuma karɓo na wayarka. A ƙasa, cikin kabad ɗin da aka garƙame, akwai na'urar da muke kira BBU. Ita ce mai lissafi. Ita ke raba wa wayoyi lokaci da zango, wato yankin iska da sigina ke bi, ta gyara kurakuran da iska ta jawo, ta sirranta abin da kake turawa. Su ukun nan su ne RAN. Daga nan sai kaya su kama hanya zuwa cibiyar kamfani, ko ta fayiba ko ta farin kwanon maikurowef da ke maƙale a jikin ƙarfen. Cibiya ce ta san ko layin waye, ko yana da kati, da inda za a kai kiransa.

Tun da GSM ta shigo Najeriya a 2001, akwatin da manhajar cikinsa tare ake sayensu daga hannu ɗaya: Ericsson, Huawei, Nokia ko ZTE. Rediyon wannan ba ya aiki da BBU na wancan, duk da cewa ƙa'ida ɗaya suke bi mai suna CPRI, domin kowa ya cusa nasa sirrin a ciki. Ka sayi na mutum, ka zama nasa har kayan su tsufa.

A 2012 manyan kamfanonin waya suka fitar da takarda suka ce a raba manhaja da ƙarfe, a riƙa gudanar da ayyukan sadarwa a kan kwamfuta irin wadda bankuna ke amfani da ita. Hukumar ETSI ta Turai ta ɗauki aikin, sunansa NFV. Wannan shi ne rabin batunka na farko.

Baba Hedimasta: Injiniya, Allah ya yi albarka. Mu tsofaffi muna biye. To rabin na biyun fa?

Injiniya Sale: Amin Baba, Allah ya ƙara girma. Rabin na biyu shi ne yadda sassan za su riƙa magana da juna bayan sun zama manhaja.

A 2G da 3G da 4G, kowane sashe biyu suna da keɓaɓɓiyar hanya da keɓaɓɓen yare a tsakaninsu. In ka kawo sabon sashe, sai ka shimfiɗa masa hanya zuwa ga duk wanda zai yi hulɗa da shi. Da ƙungiyar 3GPP ta fitar da ƙa'idar 5G ta farko a 2018, wadda ake kira Release 15, sai ta sauya fasalin cibiya. Baba, ɗauki kasuwa. Da, mai neman gero sai ya san gidan manomi, mai neman gishiri sai ya san gidan fatake. Yanzu kowa ya kafa rumfa, ya je wurin sarkin kasuwa ya rubuta sunansa da hajarsa. Baƙo ya zo, sarkin kasuwa zai tambaya, a nuna masa rumfa. In wata rumfar ta rufe, a nuna masa ta kusa da ita. Wannan shi ne tsarin hidimomi, SBA. Sarkin kasuwar nan a 5G sunansa NRF. Mai kula da rajistar waya da tafiyarta daga wannan turke, wato ƙarfen sabis, zuwa wancan shi ne AMF. Mai buɗe wa waya hanyar data SMF. Mai riƙe bayanan layi UDM. Dukkansu da HTTP/2 suke magana, yaren da shafukan intanet ke amfani da shi. Amfanin abin, kana iya ƙara AMF na biyu da na uku in mutane sun yi yawa, ka rage in sun ragu, ka sauya ɗaya ba tare da ka taɓa sauran ba.

Nura, ga inda nake so ka buɗe ido. Duk wannan a cibiya aka yi shi. RAN ba ta shiga ba. Har yau hanyar da ke tsakanin turken 5G da AMF, wato N2, tsohon salo ce, daga wannan zuwa wancan kai tsaye. Abin da 3GPP ta yi wa RAN shi ne ta tsaga BBU gida biyu: CU mai ayyukan da za su iya jira kaɗan, da DU mai ayyukan gaggawa, da hanyar F1 a tsakaninsu. Shi ma CU aka tsaga shi, mai umarni daban, mai ɗaukar data daban. Kai tsarin hidimomi cikin RAN kanta magana ce da ake kan bincike da jayayya a kai, musamman masu shirin 6G. Kada ka rubuta shi a matsayin abin da aka gama.

Oga Lawan: Na yi shiru ina karantawa, amma dole in sa baki. Injiniya, kai kana ofis, mu muna daji. Tsakanin Gumel da Babura da Sule Tankarkar babu hanyar da ban sani ba. In aka kira ni cewa turke ya faɗi, ba manhaja nake tararwa ta lalace ba. Ko man gas ya ƙare, ko an fasa an kwashe batir, ko iskar farkon damina ta karkatar da kwanon maikurowef, ko masu aikin titi sun datse fayiba. Lokacin hunturu ka buɗe kabad ka zaro matatar iska, jar ƙura ta toshe ta ta yi tauri sai ka buga ta a jikin shinge, fanka tana ta kuka, ƙararrawar zafi tana kunne. A watan Afrilu zafi ya haura digiri 40, ƙarfen kabad ba ya taɓuwa da rana. BBU an ƙera ta ne don irin wannan wahala. Kwamfutar banki a ɗaki mai sanyi ta saba zama. Ita za ku kawo mana Gagarawa?

Injiniya Sale: Oga Lawan, maganarka dutse. Kuma akwai abin da ya fi zafi da ƙura ƙarfi, shi ne lokaci.

A 4G kowane kashi ɗaya cikin dubu na sakan, wato milisakan ɗaya, DU take yanke shawarar wace waya za ta yi magana. In saƙo ya iso da kuskure, cikin milisakan 8 ake son a sanar, a sake turowa. Shi ya sa tsakanin rediyo da DU ba a son jinkiri ya wuce wajen mikirosakan 100, shi kuwa mikirosakan kashi ɗaya ne cikin miliyan na sakan. Haske a cikin fayiba yana cin kimanin kilomita 200,000 a sakan, wato mikirosakan 5 kowace kilomita. Ku yi lissafi, kilomita 20 ke nan. Daga Kano zuwa Maigatari ya haura kilomita 100. Don haka duk wanda ya ce za a kwashe komai a kai Kano a bar eriya kaɗai a ƙauye, bai yi lissafi ba. DU dole ta zauna a gindin ƙarfe ko a garin da ke kusa.

Ga kuma nauyin kaya. Da tsohon CPRI, zango mai faɗin megahaz 20 da eriya biyu yana cin wajen gigabit 2.5 a sakan tsakanin rediyo da BBU, ko da ƙarfe uku na dare ne babu mai kira, alhali abin da wayoyi za su samu bai wuce megabit 150 ba. China Mobile ta daɗe da kawo shawarar tara BBU wuri ɗaya, kuma a birni mai yalwar fayiba abin yana aiki. A wurin da maikurowef ne hanya, ba zai yiwu ba. An fito da sabuwar ƙa'ida eCPRI a 2017, ƙungiyar O-RAN mai neman a buɗe ƙofofin RAN kuma ta zaɓi wani rabon aiki tsakanin rediyo da DU mai suna 7.2x, duk don a rage wannan nauyi. Ya ragu sosai, amma sharaɗin lokaci yana nan.

Wanda zai iya tafiya nesa shi ne CU, domin yana jure jinkirin 'yan milisakan. Shi kam ana iya ajiye shi a Dutse ko Kano ya kula da turaku masu yawa.

Oga Lawan: To ka gani. Mun dawo inda muke. Akwati a gindin ƙarfe, janareta kusa da shi.

Nura: Yaya Injiniya, to ke nan amsar tambayata ita ce babu amfani?

Injiniya Sale: A'a Nura. Amfanin yana nan, ba dai a inda ake yawan tallata shi ba.

Me ya sa babu turke a garinku? Ba don fasahar ta gagara ba. Kamfani ne ya yi lissafin kuɗin ƙarfe da kaya da mai da gadi, ya duba yawan mutanen garin da katin da za su saya, ya ga ba za ta fitar da shi ba. Duk abin da zai rage wancan lissafi, ko ya sa kamfanoni su raba shi, shi ne zai kawo muku sabis. Yanzu ma da yawan turakun da kuke gani ba na kamfanin layi ba ne, na kamfanonin turke ne irin IHS da ATC, haya ake yi. Amma ƙarfe da wuta kaɗai ake rabawa, kowa da nasa eriya da rediyo da BBU. In sashen rediyon ya zama manhaja mai buɗaɗɗun ƙofofi, ya fi sauƙi rediyo ɗaya da DU ɗaya su ɗauki layin kamfani biyu ko uku, kowanne ya wuce zuwa cibiyarsa. Ana iya wannan rabo da tsofaffin kaya ma, sai dai manhaja tana sauƙaƙa auna rabon kowa da sauya shi daga nesa. A watan Maris na 2025 MTN da Airtel sun sanar da yarjejeniyar raba kayan sadarwa a Najeriya da Uganda. Ni a wurina wannan labari ya fi labarin 5G muhimmanci ga ɗan ƙauye.

Na biyu, ƙananan masu ƙera kaya sun samu ƙofa. An kafa O-RAN a 2018, AT&T da China Mobile da Deutsche Telekom da NTT Docomo da Orange ne suka assasa ta. Kafin nan Facebook ya jagoranci kafa wata ƙungiya mai irin wannan buri, TIP, a 2016. Daga wannan yunƙuri aka samu ƙananan tashoshi masu cin wuta kaɗan, waɗanda sola da batir ke riƙewa babu janareta, 2G da 4G duk a akwati ɗaya, sauyawa daga wannan zuwa wancan aikin manhaja ne. A Peru a 2019 aka kafa kamfani na musamman don ƙauyuka, Internet para Todos, yana gina tashoshi kamfanonin layi suna hawa kai. A nan Afirka akwai Africa Mobile Networks da ke irin wannan aiki a ƙananan garuruwa. Irin wannan misali za ka nema, ba na Tokyo ba.

Musa Mai POS: Injiniya, ni fa tambayata tana nan. Ranar kasuwa.

Injiniya Sale: Malam Musa, ba zan yi maka alƙawarin abin da babu ba. Cunkoson ranar kasuwa yawanci wuri biyu yake: iska, da hanyar da ke fita daga turke. Zangon da kamfani ya saya a hannun hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, yana da iyaka. Mutum dubbai sun taru a ƙarƙashin eriya ɗaya, sai dai a raba musu abin da ke akwai. Manhaja ba ta ƙirƙirar zango, ba ta faɗaɗa maikurowef. Maganin wannan ƙarin eriya ne da ƙarin zango da fayiba.

Abin da sabon tsari zai iya shi ne tsara rabon da kyau. A O-RAN akwai sashe mai suna RIC, iri biyu. Ɗaya yana yanke hukunci tsakanin milisakan 10 da sakan ɗaya, ɗayan kuma yana duba abin da ya wuce sakan, har kwanaki da makonni. A kansu ake ɗora ƙananan manhajoji. To a nan ne, Nura, tsarin hidimomi ya fara leƙowa RAN da gaske, domin manhajojin da ke kan na biyun suna yin rajista su nemi hidimar juna ta hanyar da ake kira R1. Irin wannan manhaja tana iya koyon cewa Alhamis ta Maigatari ce, Juma'a ta Wudil, ta riƙa karkatar da wayoyin da ke gefen kasuwa zuwa turken maƙwabta tun kafin a cika, ta kuma ware wa na'urorin biyan kuɗi 'yar hanyarsu, tunda abin da POS ke turawa bai taka kara ya karya ba in aka gwada da bidiyo.

Sannan a sani, wani lokacin ba sabis ba ne, bankin ne ke da matsala a can.

Malama Hauwa: Salamu alaikum. Ni a ƙaramin asibitin garinmu nake aiki. Ina jin ku kuna ta 4G da 5G. Matan da ke zuwa awo, wadda ke da waya a cikinsu ƙarama ce mai madannai. In naƙuda ta zo da gardama cikin dare, abin da muke buƙata kira ɗaya ne ya shiga wurin mai mota. Akwai daren da jini ya ɓalle wa wata baiwar Allah, ina riƙe da ita, mai gadi ya karɓi wayata ya fita har bakin titi yana ɗaga ta sama kafin kira ya tafi. Allah ya sa ta rayu. Ina tsoron a garin wannan sabon tsari a kashe 2G a bar mu.

Injiniya Sale: Malama, Allah ya saka da alheri. Tsoronki yana kan hanya, domin ƙasashe da dama sun riga sun kashe 2G ko 3G. Tsarin hidimomi da na yi bayani na cibiyar 5G ne zalla, bai san ƙaramar waya ba. Ko 5G ɗin ma, yawancin kamfanonin duniya da suka fara ta sun jingina ta ne da cibiyar 4G. Ga kuma batun zango. Wanda aka yi gwanjonsa a Disambar 2021, MTN da Mafab kowanne ya biya dala miliyan 273.6, na gigahaz 3.5 ne. Yana ɗaukar kaya da yawa amma ba ya cin nisa, kuma bango yana tare shi. Na birni ne. Ƙauye ƙaramin zango yake so, megahaz 700 da 800 da 900, masu tafiya nesa su shiga ɗaki. Duk tashar da za a kafa a irin garinku in ba ta da 2G a kan 900, ba don ku aka yi ta ba. Nura, sa wannan a sharuɗɗan aikinka.

Oga Lawan: A nan mun haɗu. Amma bari in ƙara wani abu da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Yau in abu ya lalace, kamfani ɗaya nake kira, kayansa ne daga sama har ƙasa. Gobe rediyo na wannan, kwamfuta ta wancan, manhaja ta wani, mai haɗa su wani daban. Turke ya faɗi ƙarfe biyun dare, wa zan kira? Kowa zai ce ba daga wurinsa ba ne, mutanen gari kuwa ni suka sani, ƙofar gidana za su zo. Sannan kun tara CU na turke hamsin a ɗaki ɗaya. Ran da ɗakin ya samu matsala, masarauta guda ce za ta yi shiru lokaci ɗaya.

Aminu: Ina goyon bayan Oga Lawan. Ni ma'aikacin kwamfuta ne, ina bibiyar labarin nan. Rakuten ta Japan ta buɗe nata a 2020, komai manhaja, duniya ta yi ta yabo, amma ta shafe shekaru tana tafka asara. AT&T da ke cikin waɗanda suka kafa O-RAN, a Disambar 2023 ta ba Ericsson kwangilar da ta kai dala biliyan 14. Wato an zaga an dawo hannun manya. Kuma kada mu manta akwai siyasa a ciki. Amurka da Ingila sun matsa wa abin ne bayan sun juya wa Huawei baya, suna neman madadi. Mu ba rigimarmu ba ce. Ga kuma wuta: lissafin gyaran kuskure na 5G yana da nauyin da kwamfuta zalla ba ta iya shi da arha, sai an ƙara mata kati na musamman. To ina arhar?

Injiniya Sale: Aminu, duk abin da ka lissafa haka yake. Asarar Rakuten dai ba ta fasaha kaɗai ba ce, sabon kamfani ne da ya gina komai daga tushe yana neman kwastoma a kasuwar da manya uku suka riƙe. Amma na yarda har yau ba a nuna cewa kwamfuta ta fi akwatin da aka ƙera musamman arha ko tsimin wuta a babban turke mai eriya da yawa ba. Shi ya sa nake cewa a ƙaramar tashar ƙauye ne lissafin ya fi kusa da fita, inda kayan ba su da nauyi.

Oga Lawan, batun ɗaki ɗaya. Yau ma in hanyar cibiya ta yanke, turkenka yana tsaye da wutarsa amma ko maƙwabcinka ba za ka iya kira ba, domin cibiya ce ke haɗa ku. Abin da manhaja ta fi ƙarfe a nan shi ne, in CU ɗaya ya mutu ana iya tayar da wani a wata kwamfutar ko a wani garin ba tare da an jira mota ta kawo sabon akwati ba. Amma sharaɗinsa hanya biyu. Fayiba ta zagaya ta dawo, in an datse ta gabas a bi ta yamma. In hanya ɗaya ce, maganarka ce ta tabbata.

Batun wa za a kira kuwa, shi ne babban abin da ya hana kamfanoni da yawa shiga. Dole a samu mai haɗawa guda ɗaya da ya sa hannu cewa laifin kowa a wuyansa yake.

Baba Hedimasta: Ina da tambaya, ku yi mini uzuri. In ƙofofi sun yi yawa haka, maganar mutane ba za ta fita ba? Mu nan ga iyaka kusa, ga halin da ƙasa ke ciki.

Aminu: Baba, tambaya ce mai nauyi. A ƙa'idar 5G an tanadi cewa sassan cibiya su sirranta maganarsu da TLS, kuma sashe ba ya karɓar hidimar wani sai da izinin da NRF ta ba shi. Lambar asali ta layi ma a ɓoye waya ke tura ta, saɓanin 2G. Wannan ci gaba ne. Amma kowace sabuwar ƙofa tana buƙatar mai tsaro, kuma manhaja tana buƙatar sabuntawa a kai a kai. In aka kafa aka manta da ita, ta fi tsohon akwati haɗari.

Nura: Na gode ƙwarai. Yanzu na ga hanya. Amma ta yaya zan gwada wani abu da hannuna? Ba mu da kayan miliyoyi a makaranta.

Injiniya Sale: Wannan ita ce babbar ribar da ku matasa kuka samu. A da sai ka shiga kamfani kafin ka taɓa BBU. Yanzu akwai manhajoji kyauta: srsRAN, da OpenAirInterface da ta fito daga cibiyar EURECOM ta Faransa, da Open5GS ko free5GC a matsayin cibiya. Ka sa Linux a kwamfutarka, ka tayar da cibiya, ka ga AMF da SMF suna yin rajista a wurin NRF da idonka. Ka tayar da CU daban da DU daban, da wayar kwaikwayo, ba ka buƙatar rediyo. Sai ka saka jinkiri da gangan a kan F1, ka riƙa ƙara shi kana auna inda abu zai fara lalacewa. Ka gwada jinkirin fayiba daga Gumel zuwa Kano, ka gwada na maikurowef mai tsalle da yawa, ka gwada na tauraron ɗan'adam mai nisan kilomita 35,786 wanda zuwa da dawowarsa ya haura rabin sakan. Daga nan za ka iya faɗin me ya kamata ya zauna a ƙauye, me zai tafi birni. Wannan aiki ne da babu wanda zai ce kwafo shi ka yi.

Gargaɗi ɗaya: in ka samu rediyon gwaji, kada ka watsa a iska a zangon kamfanoni. Sai da lasisin NCC, kuma za ka iya katse wa wani kiran gaggawa.

Oga Lawan: Ka kuma zo ka ga kabad a buɗe kafin ka rubuta babi na ƙarshe, in na samo maka izini. Ka sa lissafin wuta a ciki. Wat nawa DU ɗinka ke ci, falan sola nawa, batir na awa nawa in hadari ya rufe rana kwana biyu a watan Agusta. Yarana da nake koya wa aiki ma na fara ce musu su koyi Linux, domin na ga inda abin ya dosa ko ina so ko ba na so. Hawa ƙarfe dai da ɗaure eriya ba za a yi su daga Kano ba.

Malama Hauwa: To mu da ba injiniyoyi ba, me za mu nema, kuma a wurin wa?

Injiniya Sale: Malama, akwai asusun USPF a ƙarƙashin dokar sadarwa ta 2003, an kafa shi ne don wuraren da kamfani ba zai je da kansa ba. Gari yana iya rubuta buƙatarsa ta hannun ƙaramar hukuma da ɗan majalisa, da yawan jama'a da asibiti da makaranta da ranar kasuwa. Ku nemi tasha mai sola, mai 2G da 4G a ƙaramin zango, wadda kowane layi zai hau. Gwamnatin tarayya kuma ta sanar da shirin shimfiɗa fayiba kilomita 90,000. A matsa a ji ta ina za ta bi a Jigawa, ko za ta tsaya a hedikwatar ƙaramar hukuma ne ko za ta shiga ciki. Duk maganar CU da RIC da muka yi a kan wannan fayibar take tsaye.

Baba Hedimasta: Zan kai maganar gaban Hakimi ranar Juma'a in Allah ya kai mu. Musa, kai ka tattaro sunayen 'yan kasuwa. Hauwa 'yata, ki rubuto mini na asibiti. Lawan, me zan ce game da masu datse waya da ɓarayin batir?

Oga Lawan: Baba, ranka ya daɗe, abu biyu. Tun 2024 gwamnati ta sa kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa, taɓa su babban laifi ne, a sanar da masu unguwanni su faɗa a masallatai. Na biyu, 'yan gajerun turakun siminti da ke gefen titi alamar fayiba ce a ƙasa. Duk mai haƙa kwalbati ko rijiya ko harsashin shago kusa da su, ko ɗan kwangilar titi da ya kawo katafila, a tsayar da shi a kira mu tukuna mu nuna masa inda ta bi. Haɗa wadda aka datse yana cin yini guda, wani lokacin fiye, domin sai an nemo wurin, an tone, an kawo injin haɗawa daga birni.